Maƙerin bakin daji: yadda tsadar ƙarfe ta tsara aiki a sabbin garuruwan Amurka

Masu kallo, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa.

A lokacin sanyin 1804 zuwa 1805, ayarin Lewis da Clark, wanda gwamnatin Amurka ta tura ya ratsa yammacin nahiyar, ya yada zango a bakin kogin Mizuri, a yankin da ake kira Dakota ta Arewa yanzu, kusa da garuruwan ƙabilar Mandan. Abinci ya yi musu wuya. Cikin waɗanda suka rufa musu asiri har da maƙerinsu, John Shields. Suna da wani tsohon murhun ƙarfe da wuta ta riga ta cinye, sai ya yayyanka shi, kowane yanki inci 4 a tsaye, inci 4 a kwance, kamar tafin hannu. Kowane yanki ɗaya mutanen wurin suna biyansa da masara galan 7 zuwa 8, wato kusan lita 30, su je su yi kan kibiya da abin kankare fatar ɓauna.

Ku riƙe wannan farashin a ka, domin shi ne mabuɗin duk abin da za mu nuna. A sabbin matsugunan Turawa na bakin daji, daga Jamestown a 1607, inda maƙeri James Read yake cikin rukunin farko, har zuwa garuruwan yamma na wajen 1860, ƙarfe yana nesa kuma yana da tsada. Wurin da suke kira bakin daji ba kango ba ne, ƙasa ce mai masu ita, kuma galibi da ƙarfin tsiya aka karɓe ta. Amma ga baƙon da ya kafa bukka a can, kanti mafi kusa yana iya zama tafiyar makonni. Kamfanin Hudson's Bay, mai cinikin fatu, a sansaninsa na Fort Vancouver, a bakin kogin Kolombiya, daga Ingila ake kawo masa ƙarfe da kwal a jirgin ruwa, a zagayo ƙarshen Kudancin Amurka. Saboda haka rabin aikin maƙerin irin wannan wuri gyara ne da tattali. Sabon abu kaɗan yake ƙerawa. Tsoho yake rayawa.

Mu shiga maƙerar. Abu na farko da za ku lura da shi duhu ne, kuma da gangan ne. Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi sai idonsa, launin ƙarfe kuwa a rana ƙarya yake yi: ƙarfen da ya yi ja sosai a inuwa, a hasken rana sai ka gan shi kamar bai ɗau wuta ba. Murhun ginin dutse ne ko bulo, tsayinsa daidai ƙugu, domin a tsaye suke aiki, ba a zaune kamar yadda muka saba gani a maƙerunmu ba. Bayansa zugazugi ne ƙato na katako da fata, mai ciki biyu. In an ja sandar, cikin ƙasa yana tura iska zuwa na sama, na saman kuma nauyinsa yana matse ta zuwa wuta a hankali, don haka iska ba ta yankewa ko da mai zuga ya saki hannu. Uwar maƙera tana da nauyin kilo 45 zuwa 90, a kan kututture da aka binne a ƙasa. Tsayinta daidai inda dunƙulen hannun maƙeri yake in ya tsaya ya saki hannu. In ta yi sama, gefen guduma ne zai riƙa sarar ƙarfe yana barin tabo. In ta yi ƙasa, bayansa ne zai biya. Gudumar hannu kilo 1 zuwa 1 da rabi, masaba kilo 4 zuwa 6, awartaki iri-iri wanda shi ya ƙera wa kansa, magagari, da rabin ganga cike da ruwa. Duk a jere suke yadda taku ɗaya ko biyu zai kai shi daga wuta zuwa uwar maƙera, saboda siririn ƙarfe cikin 'yan daƙiƙoƙi yake hucewa. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, a nan ba karin magana ba ce, tsarin ɗaki ce.

Makamashi gawayi ne a mafi yawan wurare. Ana jera itace a tsaye, a tula shi, a rufe da ganye da ƙasa, a kunna ta tsakiya, a bar 'yan ƙofofin iska a gindi. Babban tuli yakan kai mako ɗaya zuwa biyu ana gadinsa dare da rana. Farin hayaƙi mai kauri ruwan itacen ne ke fita. In ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi, wannan gefen ya nuna, a toshe ƙofarsa. In ƙasar ta tsage ba a lura ba, iska ta shiga, da safe toka za a tarar. Ko an dace, abin da ake samu bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na nauyin itacen ba. Gawayi ya fi ɗanyen kwal tsabta, domin kwal yana ɗauke da farar wuta, ita kuwa in ta shiga ƙarfe sai ya riƙa tsagewa a ƙarƙashin guduma tun yana ja.

Ita kanta wutar hawa-hawa ce. Kusa da bakin iska iskar ta yi yawa, ƙarfen da aka tura can zai yi ta ɓawo yana zuba, yana ramewa. Tsakiyar tulin gawayi, sama da bakin iska da kamar faɗin tafin hannu, nan ne wurin aiki. Wutar da ba ta da zurfi ita ce babbar mai cin ƙarfen ɗan koyo.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ƙarfe iri uku ne a hannunsu, kuma wanda bai bambance su ba bai fara ƙira ba. Na farko ƙarfen zubi, na tukwane da murhu. Kabon, wato sinadarin gawayi, ya yi masa yawa, ba ya ƙeruwa, in ka doke shi fashewa yake yi. Tukunyar da ta tsage sai dai a huda ta a ɗaure da faci da ƙusa. Na biyu ƙarfen ƙira, mai laushi, kusan babu kabon a cikinsa, amma akwai zare-zaren kashin maƙera da suka bi tsawonsa kamar jijiyar itace. Yana lanƙwasuwa, yana haɗuwa da wuta cikin sauƙi, amma ba ya riƙe kaifi. Dole a doke shi da zafi sosai, yana ruwan ɗorawa zuwa fari. In ya huce ya koma ja aka ci gaba da duka, sai ya tsage a tsaye kamar rake. In za a huda rami kusa da bakinsa, sai a lura da inda jijiyar ta nufa, in ba haka ba ramin ya yage. Wani kuma yana zuwa da sinadarin fosforas, ya ƙeru lafiya lau, sai ranar da ake tsananin sanyi sarƙa ta tsinke ana tsakiyar jan gungume. Na uku shi ne ƙarfen kaifi, mai kabon daidai gwargwado, wanda ke taurara in an tsoma shi a ruwa. Yawancinsa daga Ingila yake zuwa, musamman Sheffield, kuma ya ninka na ƙira tsada. Tsohon magagari, karyayyen zarto, guntun lauje, babu wanda ake yarwa. Kamar dai yadda maƙeranmu a yau suke neman sifirin ɗin tsohuwar mota don adda da wuƙa, dalilin ɗaya ne.

Gatari shi ya fi nuna wannan tattalin, kuma shi ne kayan aikin farko na mai sheme daji. Ba a yin sa da ƙarfen kaifi gaba ɗaya. Ana ɗauko falallen ƙarfen ƙira, a naɗe shi a jikin wani ƙarfe mai siffar ƙota don a fitar da ramin, a haɗe ɓangarorin biyu, a bar bakin a buɗe kamar leɓe, a cusa siririn ƙarfen kaifi a tsakani, a haɗe su da wuta. Yanki mai faɗin yatsu biyu ko uku ya ishi gatari guda. Bayan shekaru ana wasawa ya cinye, ba a sayen sabo. A kawo wa maƙeri ya tsaga bakin ya sa wani.

Haɗin wuta, wato waldar maƙera, ita ce gwajin gwani. Da farko ana dunƙule bakin kowane ƙarfe ya yi kauri, domin wuta da duka za su rage shi. Sannan a karkace bakunan su hau juna, a bar tsakiyar fuskar da ɗan tudu. Tudun nan yana da dalili: tsakiya ce za ta fara haɗuwa, ta matso datti waje. In fuskar ta yi kwari, dattin ya maƙale a ciki, haɗin ya yi kyau a ido, ya rabu ranar aiki. In ƙarfen ya yi ja sai a barbaɗa tsabtataccen yashi, ya narke ya zama kamar gilashi, ya hana iska taɓa fuskar. Boraks, wani farin gishirin ma'adini, ya fi yashi, amma sai daga wajen 1870 ya yi araha, bayan an fara haƙo shi da yawa a Nevada da Kalifoniya. Ana mayar da ƙarfen wuta har ya yi fari, fuskarsa ta yi kamar tana gumi, zafin ya kai wajen digiri 1,300. A fito da shi, a karkaɗe, a ɗora, duka na farko a tsakiya kuma marar ƙarfi. Mai gaggawar da ya sauke masaba da ƙarfi tun farko, ɓangarorin za su zame su rabu. Wahalar gatari ita ce ƙarfen kaifi yana ƙonewa a zafin da na ƙira yake buƙata. In kuka ga tartsatsi fari yana fashewa daga cikin wuta, ya fara ƙonewa, kuma abin da ya ƙone ba ya gyaruwa, sai a yanke. Don haka ake juya aikin yadda ƙarfen ƙira zai fuskanci zafin, ya kāre na ciki.

Saura taurarawa. Ana mayar da bakin gatarin wuta a hankali har ya yi ja sosai, wajen digiri 780 zuwa 800. A yau ana gwadawa da maganaɗisu, domin a digiri 770 ƙarfe yake daina kama shi, su kuwa da ido suke yi. A tsoma bakin a ruwa a tsaye, ana motsa shi sama da ƙasa, kada layin ruwa ya tsaya wuri ɗaya ya jawo tsaga. In an shigar da shi a karkace, gefe ɗaya ya riga hucewa, sai ya lanƙwashe. A wannan matakin ya yi tauri kamar gilashi, sara ɗaya zai ɓalle. Sai a yi maza a goge bakin da dutse ya yi haske, a zuba ido. Zafin da ya rage a jikin gatarin yana gangarowa zuwa baki, launuka suna tafe a jere: ruwan kara a wajen digiri 220 zuwa 230, sai ruwan ƙasa, sai shunayya a wajen 280, sai shuɗi a wajen 300. Aska da abin sassaƙa a ruwan kara ake tsayar da su. Gatari sai ya kai ruwan ƙasa zuwa shunayya, don ya jure dukan itace mai tauri a cikin sanyi. Sifirin da zarto shuɗi. Launin da ake so yana isa baki, a tsoma duka a ruwa. In an makara ya wuce, bakin zai riƙa naɗewa, sai a sake daga farko.

Ƙusa fa? Ana sayo ƙarfen a sanda-sanda siriri. A zafafa baki, a fiƙe shi da duka kaɗan, a sare shi saura ƙiris, a cusa a ramin wani ƙarfe, a karya, a doke kan sau uku ko huɗu ya baje. Wanda ya saba yana iya yin kusan dubu a yini, wanda bai saba ba ɗari biyu zuwa uku. Tsadarta ta kai a Virginia mutane suna ƙone gidan da za su bari don su tsince ƙusoshi a toka, har hukuma ta yi doka a 1645 ta hana, ta ce za a ba mai gidan adadin ƙusoshin da aka ƙiyasta. Shi ya sa gidan gungume na bakin daji da sassaƙa da turakun katako ake haɗa shi, wani ma hinjin ƙofarsa fata ce.

Aikin da ya fi tara mutane shi ne ɗaurin ƙafar keken shanu. Ƙafar katako ce, gunduwa-gunduwa, kuma zoben ƙarfen da ke kewaye da ita shi kaɗai ke matse komai wuri ɗaya. A hanyar Oregon, da masu ƙaura zuwa yamma suke bi, mai tsawon fiye da kilomita 3,000, wadda ake yi cikin wata huɗu zuwa shida, katakon da aka sassaƙa a damshin gabas yana shiga busasshiyar iskar yamma ya tsuke, zobe ya fara girgiɗi. Matafiya sukan jiƙa ƙafafun a kogi su kwana, ko su cusa 'yan katakai a tsakani, amma wannan na kwana biyu ne. Shi ya sa Jim Bridger, wani mafarauci ɗan kasuwa, da ya kafa zangonsa a kan hanyar a 1843 ya haɗa da maƙera. Gyaran gaskiya shi ne a auna kewayen katakon da wani ɗan faifai mai juyawa, a auna cikin zoben, a yanke shi, a sake haɗewa ya gaza katakon da kamar kaurin ƙarfen kansa. A kwantar da shi a ƙasa, a kewaye shi da wutar itace. Lissafin mai sauƙi ne: kowace mita ta ƙarfe tana ƙaruwa da kusan milimita 1.2 a kowane digiri 100. Ƙafa mai faɗin mita 1.2 kewayenta ya kusa mita 3.8, in zafi ya ƙaru da digiri 400 zoben ya buɗe da kusan milimita 18. Mutum biyu ko uku su ɗauko shi da dogayen awartaki, su ɗora, a buga ya zauna, nan take a bi shi da ruwa ta ko'ina kafin katako ya kama wuta. Za ku ji ƙafar tana ƙara tana matsewa. In an rage zoben fiye da kima, sandunan ƙafar su lanƙwashe. In ba a rage sosai ba, bayan 'yan kwanaki a dawo gidan jiya. In ruwan ya sauka gefe ɗaya, ƙafar ta karkace.

Dabbobin ma takalmi suke sawa. Kofaton doki yana tsiro, don haka duk mako shida zuwa takwas sai an cire takalmin, an datse, an mayar, da ƙusa shida zuwa takwas. Bakin ƙusar a karkace yake ta gefe ɗaya don ta fito ta bangon kofato a lanƙwasa ta. In an juya ta baibai ta nufi nama, doki ya gurgunce, manomi ya rasa huɗar bana. Sa kuwa kofatonsa a rabe yake, takalmi takwas yake buƙata, kuma ba ya iya daɗewa a kan ƙafa uku, sai an sa shi a wani keji na katako an ɗaga cikinsa da faffaɗan ɗamara. Lokacin ƙanƙara ana ƙara wa takalman ƙayoyi don kada su zame. Takalmin da ya cinye ana tara shi, a haɗe biyu ko uku a fitar da sabo.

Kuɗi a hannu kaɗan ne. Maƙeri yana da littafin bashi, a rubuta koɗa bakin garma, ƙugiyar rataye tukunya, gyaran bindiga, haɗin sarƙa, sai kaka ta yi a biya da masara, nama, itace, gawayi, ko yinin aiki. Wanda ya zo da tsohon ƙarfensa ana rage masa. Shekara ma ta raba masa aiki: garma kafin shuka, lauje da ƙafafun keke lokacin zafi, sarƙa da gatari lokacin sanyi. Mai riƙe masaba galibi yaro ne da aka ba shi koyo har ya kai shekara 21, kuma ba da baki suke magana ba, inda maigida ya taɓa da ƙaramar guduma nan masaba za ta sauka. A jihohin kudu da yawa daga cikin masu wannan aikin bayi ne baƙar fata, gwanaye, waɗanda ladan hannunsu yake shiga aljihun wani. Gwamnati ma ta san darajar sana'ar, domin yarjejeniyoyi da dama da ta yi da 'yan asalin ƙasar, har da ta Fort Laramie a 1868, sun ƙunshi alkawarin ba su maƙeri. Ƙuna kuwa ba jan ƙarfe ne ya fi yin ta ba, kowa yana ganinsa ya kauce. Baƙin ƙarfen da ya huce a ido amma yana da zafin digiri 300 shi ke cin hannu, shi ya sa ƙa'ida ita ce duk ƙarfen da ke kusa da uwar maƙera a ɗauke shi mai zafi ne.

Daga irin wannan maƙera John Deere, wanda sunansa ke kan taraktocin noma, ya fito. Ya baro Vermont ya sauka Grand Detour a Illinois a 1836, ya tarar da manoma suna fama da baƙar ƙasa mai danƙo da ke manne wa garmar ƙarfen zubi, sai an yi 'yan taku a tsaya a kankare. A 1837 ya samu karyayyen zarton injin yanka katako, ya yanke, ya lanƙwasa ya yi garma da shi, ya goge shi ya yi santsi, ƙasa ta riƙa zamewa da kanta. A 1848 ya koma Moline, a bakin kogin Misisipi, inda jirgin ruwa ke kawo ƙarfe. A daidai wannan zamanin injin Henry Burden, wanda ya yi wa rajista a 1835, yana fitar da takalmin doki ɗaya a kowace daƙiƙa. Dabarar Bessemer ta 1856, ta sarrafa ƙarfe da yawa a masana'anta, ta karya farashin ƙarfen kaifi, layin dogo ya haɗe gabas da yamma a 1869, kaya suka fara zuwa a ƙere, maƙeri ya koma mai gyaran abin da masana'anta ta yi.

In kuka ci karo da tsohon ƙarfe a gidan tarihi ko a hoto, ga yadda za ku gane aikin hannu. Ƙusar maƙeri ta tsuke ta fuska huɗu, kanta yana da shaidar guduma uku ko huɗu. Ta inji ta tsuke ta fuska biyu kawai, ɗayan biyun a miƙe suke. Ƙarfen ƙira in ya yi tsatsa za ku ga zare-zare a jikinsa kamar tsohon itace. A gatari kuma ku duba kamar yatsu biyu sama da kaifi, za ku ga wani siririn layi inda launi ya ɗan bambanta. Nan ne ƙarfen kaifi ya shiga cikin na ƙira.